Filin Tambaya da Amsa: Baƙin Harsuna, Annabci da Mu'ujizai, Sun Wuce ko Suna Nan?

Wasiƙun wannan karon daga Bur Sudan, Kassala, Gadarif da Sinnar suka zo. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu 2023, mutanen da a da kowa ke cocinsa a Khartum da Omdurman suka tarar da kansu a ɗaki ɗaya suna addu'a: ɗan Katolika, ɗan Anglikan, ɗan Injiliyya da ɗan Fentikostal. Abin da a da ake jin labarinsa daga nesa, yanzu a gaban ido ake yinsa, shi ya sa tambayoyi suka yi yawa. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Tambaya: Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Najeriya, ina aiki a Bur Sudan. A cocin da na tashi an koya mana cewa magana da harsuna da annabci sun ƙare tun zamanin manzanni. Inda nake zuwa sujada yanzu kuwa kusan kowane taro sai an yi. Su wa ke kan gaskiya?

Amsa: 'Yar'uwa, sannu da aiki. Da farko a cire abu ɗaya daga cikin gardamar. Babu ɓangaren Kirista da ya ce Allah ya daina warkar da marasa lafiya ko ya daina amsa addu'a. Malamin da ya koya miki cewa baye-bayen Ruhu Mai Tsarki, irin su harsuna da annabci, sun ƙare, shi ma in ɗansa ya kwanta durƙusawa yake yi ya roƙa masa lafiya. Inda aka rabu shi ne: har yau Ruhu Mai Tsarki yana ba wani mutum takamaimai baiwar magana da harshen da bai koya ba, ko ta isar da saƙo, ko ta warkarwa, kamar yadda Bulus ya jera guda tara a 1 Korintiyawa 12:8-10?

Masu cewa sun ƙare ba da ka suke magana ba. Suna kawo Afisawa 2:20, inda aka ce an gina ikkilisiya a kan harsashin manzanni da annabawa, su ce harsashi sau ɗaya ake zuba shi. Suna kawo 2 Korintiyawa 12:12 da Ibraniyawa 2:3-4, su ce aikin alamu shi ne tabbatar da manzanni, kuma manzannin sun wuce. Suna kuma nuna cewa ko a cikin Littafi Mai Tsarki mu'ujizai ba a warwatse suke ko'ina ba, sun fi taruwa a zamanin Musa da Joshuwa, sai na Iliya da Elisha, sai na Yesu da manzanninsa. Waɗansunsu suna ƙarawa da 1 Korintiyawa 13:8-10, inda aka ce annabci zai shuɗe, harsuna za su daina sa'ad da cikakke ya zo, su ce cikakken nan shi ne kammaluwar Sabon Alkawari.

A wannan aya ta ƙarshe ne hujjarsu ta fi rauni, kuma da yawa daga malamansu sun yarda da haka. Ki ci gaba da karatu zuwa aya ta 12. Bulus ya ce a lokacin za mu gani fuska da fuska, mu sani sarai kamar yadda aka san mu. Wa zai ce ya kai nan don yana riƙe da littattafai 27 na Sabon Alkawari? Maganar ta fi dacewa da dawowar Almasihu. Ga kuma 1 Korintiyawa 1:7, inda ya haɗa samun baiwa da jiran bayyanar Ubangiji, ga 14:39 da ya ce kada a hana magana da harsuna, ga 1 Tasalonikawa 5:19-21 da ya ce kada a danne Ruhu, kada a raina annabci, amma a gwada kome a riƙe mai kyau.

Tarihi bai ba kowane ɓangare nasara gaba ɗaya ba. Wajen shekara ta 180, Iraniyus, bishop na Liyon, ya rubuta cewa ana jin 'yan'uwa a ikkilisiya masu annabci da masu magana da harsuna. A wannan ƙarnin ne kuma Montanus ya taso a Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, shi da mata biyu, Biriskila da Maksimila, suna annabci cikin fitar hayyaci, har ikkilisiya ta raba gari da su. Tun daga nan shugabanni suka riƙa ɗari-ɗari da duk mai cewa an ba shi saƙo. Yohanna Kirisostom, wanda ya rasu a 407, da ya zo wa'azi a kan 1 Korintiyawa 12 cewa ya yi wurin yana da duhu domin abubuwan da ake magana a kansu ba sa faruwa kuma. Agustin na Hippo, a Aljeriya ta yau, ya ce harsuna alama ce ta farko da ta wuce, amma da ya tsufa sai ya rubuta cewa cikin shekara biyu an ajiye labarin mu'ujizai kusan 70 a garinsa kaɗai. Kin ga mutum ɗaya, ya ce wannan ta wuce, wancan tana nan.

Abin da kike gani a Bur Sudan kuwa asalinsa na kwanan nan ne. Ranar 1 ga Janairu 1901, a makarantar Charles Parham da ke Topeka a Amurka, wata ɗaliba, Agnes Ozman, ta yi magana da harsuna. A 1906 aka fara taron titin Azusa a Los Anjalis ƙarƙashin William Seymour, ɗan waɗanda aka 'yanta daga bauta. Abin ya shiga cocin Anglikan na Amurka a 1960, ya shiga Katolika a 1967. A ƙiyasin da cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta yi a 2011, 'yan Fentikostal da masu irin wannan aƙida a sauran coci-coci sun kai wajen miliyan 584, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na Kiristan duniya.

Ga matsayinmu. Ba mu ga ayar da ta yanke cewa baye-bayen nan sun tsaya da mutuwar manzanni ba, don haka ba za mu ce an rufe ƙofar da Allah bai ce ya rufe ba. Amma masu cewa sun ƙare suna da gaskiya babba a wuri biyu: babu manzo yau mai matsayin Bitrus ko Bulus, kuma babu maganar wani mai rai da za ta zauna kusa da Littafi Mai Tsarki. Kuma yawancin abin da ake kira annabci da mu'ujiza a yau, in aka ɗora shi a ma'aunin da manzannin suka bari, ba ya tsayawa. Ki ci gaba da sujada da 'yan'uwan nan in suna wa'azin Almasihu, amma ki tafi da 1 Korintiyawa 14 a buɗe.

Tambaya: Ni saurayi ne a Kassala. A wani taron addu'a an ce mini muddin ban yi magana da harsuna ba, ban karɓi Ruhu Mai Tsarki ba. Aka sa ni a tsakiya, aka ce in yi ta maimaita kalma ɗaya da sauri har harshena ya sake. Babu abin da ya faru, kuma tun ranar hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Ɗan'uwa, ka kwantar da hankalinka. Ka buɗe 1 Korintiyawa 12:29-30. Bulus ya jero tambayoyi: duka ne manzanni? Duka ne annabawa? Duka ne ke magana da harsuna? Amsar kowace ita ce a'a. Afisawa 1:13 ta ce an hatimce mai bi da Ruhu ne sa'ad da ya ji bishara ya gaskata, ba a sa wani sharaɗi ba. Ko manyan coci-cocin Fentikostal, irin su Assemblies of God, da ke koyar da cewa harsuna ne alamar farko ta baftismar Ruhu, ba su ce wanda bai yi ba bai da ceto. Binciken da Pew ta yi a ƙasashe goma a 2006 ya nuna cewa a shida daga cikinsu, aƙalla mutum huɗu cikin goma na 'yan Fentikostal ɗin kansu sun ce ba sa magana da harsuna sam.

Maimaita kalma har baki ya sarƙe kuwa babu shi a ko'ina cikin Sabon Alkawari. A ranar Fentikos, wato ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa almajirai, babu wanda ya tsaya yana koya wa almajirai yadda za su motsa harshe. Kuma abin da aka ji ranar harsunan mutane ne da ake fahimta. Ayyukan Manzanni 2:8-11 ta lissafa masu sauraro, har da mutanen Masar, da na Libiya, da Larabawa, kowa yana ji da harshen garinsu.

Nan ne ya kamata a faɗi gaskiya ko da ba ta da daɗi. Parham ya ɗauka ɗalibansa harsunan ƙasashe aka ba su, har ba sai mishan sun zauna koyon harshe ba. Alfred Garr ya tashi daga Azusa ya tafi Indiya da tabbacin an ba shi harshen Bangali, amma a Kalkata, a 1907, ya tarar ba a gane abin da yake faɗa. Daga irin wannan ne koyarwar ta karkata zuwa cewa harshen addu'a ne, bisa 1 Korintiyawa 14:2, inda aka ce mai magana da harshe da Allah yake yi, ba wanda ke fahimta. Wani masanin harsuna na Jami'ar Toronto, William Samarin, ya naɗi muryoyin masu yi a ƙasashe da dama, ya fitar da sakamako a 1972: gaɓoɓi ne da mutum ke ɗebowa mafi yawa daga sautukan da ya riga ya saba da su, da hawa da sauka irin na magana, amma babu nahawu ko kalmomi masu tsayayyar ma'ana. Bai ce masu yi mahaukata ne ko maƙaryata ba. Abin da wannan ke nuna maka shi ne ana iya koyon abin, ana iya kwaikwayonsa, saboda haka sautin kansa ba shaida ba ne.

In kana marmarin baiwar, ka roƙa a ɗakinka, ba laifi. In ba ta zo ba, ba ka rasa kome na ceto ba. Kada dai ka ƙirƙira don a ƙyale ka, domin yin ƙarya a gaban Allah ya fi yin shiru muni nesa ba kusa ba.

Tambaya: Ni dattijo ne, ina jagorantar addu'a a gidana a Gadarif. Mukan kai mutum talatin, daga coci daban-daban. Waɗansu suna so a bar su su yi harsuna da annabci, waɗansu sun ce in an yi za su daina zuwa. Yaya zan yi?

Amsa: Baba, Allah ya ƙara maka haƙuri da hikima. Ba sai ka ƙirƙiro doka ba, an riga an rubuta ta da lissafi a 1 Korintiyawa 14:26-33. Ka tara manyan kowane ɓangare a ranar da ba ta taro ba, ku karanta wurin tare, ku amince a kansa kafin wani ya buɗe baki. Rikici yakan tashi ne in an tsawata wa mutum a tsakiyar addu'a da dokar da bai taɓa ji ba.

Masu magana da harshe da murya a gaban jama'a biyu ne, in sun yi yawa uku, ɗaya bayan ɗaya. Sai da mai fassara. In babu shi, mutum ya yi shiru a taro, ya yi tsakaninsa da Allah. Ka san mai fassarar tun kafin a fara, mutumin da aka san halinsa, kada ya zama duk wanda ya ga dama ya miƙe. In maganar ta ɗauki minti uku fassarar ta zama jimla ɗaya da aka saba ji kullum, ko mutum biyu suka kawo fassara biyu da ba su haɗu ba, to a dakata, a zauna da su daga baya. Annabci ma biyu ne ko uku, sauran kuma su auna abin da aka faɗa. Aunawar nan ita ce aka fi zubarwa. Ka sa a sami littafi, a rubuta maganar da ranarta da wanda ya faɗa, bayan wata uku ko shida a buɗe a duba.

Akwai abin da muke ba da shawara a hana a bainar jama'a ko da wa ya zo da shi: a ce wance ce matar wane, a ce wane zai mutu, da kuma nuna wani a ce shi ne maye ko shi ya yi wa wance asiri. Na ƙarshen nan ya raba iyalai, ya sa an kori tsofaffi da yara marasa laifi. Aya ta 3 ta faɗi aikin annabci: ginawa, ƙarfafawa, ta'azantarwa. Maganar da ta bar mutane cikin tsoron juna ba ta cikin ukun.

In wani ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ba ya iya tsayawa, ka nuna masa aya ta 32, wadda ta ce ruhohin annabawa suna ƙarƙashin annabawa. Kuma tun da taronka ya haɗa mai Larabci, mai Hausa, wataƙila da mai Tigirinya, fassarar da ka fi bukata ita ce ta karatu da wa'azi. Bulus ya ce gara ya faɗi kalma biyar da za a fahimta da ya faɗi dubu goma da wani harshe.

Tambaya: Ƙanena ya ɓace a Omdurman tun watannin farko na yaƙi. Wani da ake kira annabi ya kira ni ta WhatsApp, ya faɗi sunan ƙanena da unguwarmu, ya ce an nuna masa yana raye. Ya ce in tura sadakar buɗe hanya kafin a nuna masa wurin. Na tura sau biyu, yanzu yana neman na uku.

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya bayyana shi cikin alheri, ya ba ku ƙarfin zuciya. Kada ki sake tura ko fam ɗaya.

Sanin suna da unguwa ba shaida ba ce. Duk iyalin da suka rasa wani sun baza hotonsa da sunansa da lambar waya a Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma daga nan masu wannan sana'a ke kwasa. Waɗansu suna da yaran da ke zama cikin jama'a suna sauraron koke-koke. Sai a fara da abin da kika riga kika sani don ki saki jiki, a biyo da abin da zuciyarki ke so ta ji, a ajiye abin da za a iya bincikawa, wato wurin, a bayan kuɗi. In kin gaji kin yi tambaya, a ce bangaskiyarki ce ta yi ƙaranci ko wani a dangi ne ya toshe hanya.

Littafi Mai Tsarki bai bar wannan a duhu ba. Yesu ya ce kyauta kuka samu, ku bayar kyauta, a Matiyu 10:8. Da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi, Bitrus cewa ya yi kuɗinsa su hallaka tare da shi. Elisha ya ƙi karɓar kome daga Na'aman, baransa Gehazi da ya bi baya ya karɓa kuturta ya samu. Mika 3:11 ta la'anci annabawan da ke duba don kuɗi. Wani ɗan littafin koyarwa na ikkilisiyar farko, Didake, ya ce wanda ya ce cikin Ruhu a ba shi kuɗi, kada a saurare shi. Ki kuma dubi Agabas a Ayyukan Manzanni 11:27-30. Ya faɗi abu takamaimai, cewa za a yi babbar yunwa, aka kuwa yi ta a zamanin Kalaudiyas. An tara gudummawa saboda maganarsa, amma ga mabukata na Yahudiya aka kai ta, ba aljihunsa ta shiga ba.

Ma'aunin Maimaitawar Shari'a 18:22 shi ne: in ya faɗa da sunan Ubangiji bai cika ba, ba Ubangiji ne ya faɗa ba, kada a ji tsoronsa. Sura ta 13 ta ƙara cewa ko alamar ta cika, in yana jan mutane daga bin Allah, a ƙi shi. Ki riƙe maganar tsoron nan, domin in kin daina biya zai iya yi miki barazana da la'ana. Ba ta da inda za ta kama ki.

Ga abin yi. Ki je ofishin Hilal Ahmar na Sudan mafi kusa, ko ki tuntuɓi kwamitin ƙasa da ƙasa na Red Cross, ki buɗe takardar neman wanda ya ɓace. Kyauta ne. Ki tafi da cikakken sunansa har na kaka, hoto, shekarunsa, rana da wurin da aka gan shi na ƙarshe, da lambar da za a same ki. In wani ya kira ya ce yana hannunsa, ki nemi jin muryarsa, ko ki ba da tambayar da shi kaɗai ya san amsarta. Ki ajiye saƙonnin mutumin nan da shaidar kuɗin da kika tura, ki nuna wa shugabannin cocinku don kada ya faɗa wa wata.

Tambaya: Ni Musulmi ne daga Sinnar, maƙwabtana Kirista ne da suka yi gudun hijira, muna zaman lafiya. Nakan ji suna addu'a da wata magana da ba Larabci ba, ba harshensu ba. Shin irin zar ne, ko borin da kakanninmu suka sani? Kuma Kirista sun yarda akwai annabawa bayan Annabi Isa?

Amsa: Malam, mun gode da tambaya, Allah ya saka maka da riƙon maƙwabtaka. Mu fara da ta biyu. Manyan ɓangarorin Kirista duka sun yarda Littafi ya kammala, ba mai zuwa da sabuwar shari'a ko sabon littafi. Wanda suke cewa ya yi annabci a taro suna nufin mai bi ne da aka sa wa wata magana a zuciya don ƙarfafa jama'a, kuma wajibi ne a auna ta, ana iya ƙin ta. In za a kusanto da shi ga abin da ka sani, ya fi kusa da ilhami ko mafarki nagari, ba wahayin da ake saukar wa manzo ba, ko da yake ba daidai suke ba. Mata ma suna ciki tun farko: Filibus, wanda ya yi wa ma'ajin Kandake baftisma, yana da 'ya'ya mata huɗu masu annabci. Kandake kuwa sarautar sarauniyoyin Marawi ta dā ce, wadda dalarta ke tsaye a Bajarawiya, arewa da Shandi.

Game da zar, a koyarwa sun bambanta. A zar ana cewa iska ce ta hau mutum, a kira ta da kiɗa da turare, ta faɗi abin da take so, tufa ko turare ko yanka, a biya ta don a zauna lafiya da ita. Mai addu'a da harsuna kuwa yana cewa da Allah yake magana, yana cikin hankalinsa, yana iya farawa ya iya tsayawa, kuma ba a yi wa kowa yanka. Amma ba za mu ɓoye maka ba, akwai tarukan da in ka leƙa za ka ga faɗuwa da birgima da ihu har ka kasa bambancewa. Kiristoci da yawa su ma abin yana damunsu, domin Littafinsu ya ce Allah ba na ruɗu ba ne, na salama ne, kuma kamunkai yana cikin 'ya'yan Ruhu. In ƙarar tana hana iyalinka barci, ka yi wa babbansu magana cikin mutunci, haƙƙinka ne.

Tambaya: Ɗana mai shekara 19 yana shan maganin tarin fuka, ya yi wata biyu. An yi masa addu'a, tari ya tsaya, ya fara ƙiba. Mai addu'ar ya ce ya warke, ci gaba da shan magani rashin bangaskiya ne. Yau kwana goma bai sha ba. Ni dai zuciyata ba ta natsu ba.

Amsa: Mama, zuciyarki ta faɗa miki gaskiya. Gobe da safe ki kai shi inda yake karɓar magani.

Ga abin da ke faruwa a ƙirjinsa. Maganin tarin fuka na wata shida ne: wata biyu na farko magunguna huɗu a haɗe, wata huɗu na baya guda biyu. Cikin makonnin farko maganin yakan kashe yawancin ƙwayoyin cutar, sai tari ya lafa, zufar dare ta tsaya, cin abinci ya dawo. Kusan duk mai shan maganin daidai haka yake ji a wata na biyu, da addu'a ko babu. Waɗanda suka rage su ne masu taurin kai da ke kwance, kuma don su ake ƙara wata huɗun. In an tsaya a nan sukan farfaɗo, wani lokaci su dawo ba sa jin maganin farko, sai an koma wani mai tsada, mai wahalar samu, balle a wannan hali da ake ciki. Kuma zai iya shafa wa 'yan gida.

Haka abin yake ga sauran cututtuka. Mai ciwon sukari da ke kan allurar insulin, musamman yaro, in ya bari zai iya suma cikin kwana ɗaya ko biyu. Mai farfaɗiya in ya yanke magani farat ɗaya, tana iya dawowa ta ƙi sakinsa. Mai shan maganin ƙanjamau da gwaji ya daina ganin ƙwayar a jininsa bai rabu da ita ba, maganin ne ya danne ta, in ya bari cikin makonni take tasowa. Cutar kala-azar da ta addabi yankin Gadarif, in ba a yi magani ba, kusan duk wanda ta kama takan kashe shi. Duniya ta ga inda biyayya ga irin wannan umarni ke kaiwa a dajin Shakahola na Kenya a 2023, inda aka tono gawa fiye da 400 na mabiyan wani mai wa'azi da ya sa su azumi har mutuwa.

Shan magani ba rashin bangaskiya ba ne. Bulus, wanda aka warkar da mutane ta hannunsa, ya bar Tarofimas da rashin lafiya a Militas, ya ba Timoti shawarar abin da zai sha saboda cikinsa, ya kira Luka ƙaunataccen likita, shi kansa ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya a jiki ba a cire ba. Yesu da ya warkar da kuturu cewa ya yi ya je ya nuna kansa ga firist, wato ga mai ikon dubawa ya tabbatar. Warkarwa ta gaskiya ba ta gudun gwaji.

Coci-cocin da suka fi daɗewa da yarda da mu'ujiza su ne suka fi tsanantawa. A Lurd ta Faransa, wurin da 'yan Katolika ke ziyarta don neman warkewa, akwai ofishin likitoci tun 1883. An kai musu labarin warkewa fiye da 7,000, amma waɗanda Cocin Katolika ta amince da su mu'ujiza ne 70 da 'yan kai. Sai an tabbatar cutar ta kasance da shaidar asibiti, mai tsanani ce, ta tafi nan take, ta tafi gaba ɗaya, ba magani ne ya kore ta ba, kuma an yi shekaru ba ta dawo ba. Ɗanki yana tsakiyar shan magani, don haka ko a can ba za a karɓi labarinsa ba. Kibɗawa kuma, wato Kiristan cocin gargajiya ta Masar, da ke da coci-coci a Khartum da Omdurman da sauran garuruwa, suna shafa wa marar lafiya mai da addu'o'i bakwai da lagwani bakwai, bisa Yakubu 5:14-15, ba sa kuwa hana shi zuwa asibiti. Ki kira dattawan cocinku su yi masa haka, ya kuma haɗiye ƙwayoyinsa.

In kun je, ki faɗa wa ma'aikacin lafiya gaskiyar kwanakin da aka tsallake, kada ki rage. Ki tafi da katinsa da sauran maganin da ya rage. Kada ya ninka don ya rama na baya, su za su faɗi yadda zai ci gaba. Ki roƙa a gwada majinar ƙirjinsa yanzu, tun da dama ana gwadawa a ƙarshen wata na biyu, da na biyar, da na shida. In fitsarinsa ya koma ja-ja bayan ya koma sha, ɗaya daga cikin magungunan ne ke sa haka, ba abin tsoro ba ne, amma in idonsa ya yi rawaya ko ya yi ta amai, ku koma da gaggawa. A duba duk mai tari a gidan, da yara 'yan ƙasa da shekara biyar ko ba sa tari. Ki sa mutum ɗaya a gida ya riƙa tsayawa a kansa kowace safiya har ya haɗiye, ya sa alama a katin, har wata shidan su cika.